Darasi na Bakwai: 'Ya'yan Itace a Tukunyar Miya

Manufofin darasi

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana sa ran zai iya:

1. ambaton 'ya'yan itatuwan da ake dafa abincin gishiri da su a ƙasar Sakkwato;
2. bayyana aikin da tsami ke yi a tukunya, da lokacin da ya dace a zuba shi;
3. haɗa ruwan tsamiya bisa awo, da ninka awon idan masu ci sun ƙaru;
4. gane abin da ke ɓata girki idan tsami ya haɗu da kanwa, wake ko kuɓewa.

1. Abin da ya daɗe a madafi

A tambayi wata uwargida a Wurno ko tana sa 'ya'yan itace a miya, da wuya ba ta ce a'a ba. A ganinta mangwaro na yara ne, gwaiba ta marmari ce, dabino kuwa sai azumi ko ɗaurin aure. To, a leƙa madafinta da hantsi. Ga kabewa an fere, ga tumatir da tattasai a turmi, ga curin tsamiya an jiƙa a ƙwarya, ga kuma daddawa wadda aka yi da kalwar ɗorawa. Kowanne daga cikinsu asalinsa fure ne, furen ya ƙulla, ƙullin ya girma da iri a cikinsa.

> Akwatin kalmomi
> Ɗan itace: abin da furen tsiro ke ƙullawa, wanda ke ɗauke da iri a cikinsa. Ba dole sai mai zaƙi ba, ba dole kuma sai a kan babbar bishiya ba.
> Abincin gishiri: abincin da ake ci da gishiri, yaji ko mai, kamar miya, farfesu, dafa-duka da ɗatu (kwaɗo). Kishiyarsa abincin zaƙi, kamar alkaki da nakiya.

Da wannan ma'ana, tumatir, attaruhu, kuɓewa, gauta da kabewa duk 'ya'yan itace ne, ko da yake a kasuwa kayan miya ake ce musu. Darasin zai taɓa su, amma hankalinsa ya fi karkata ga waɗanda aka saba ci a hannu ko sha a kunu, alhali suna da babban aiki a miya: tsamiya, lemon tsami, ɗanyen mangwaro, gwanda, dabino da 'ya'yan kuka.

Gabashin Sakkwato wuri ne da ya dace da wannan karatu. Gulbin Rima ya ratso ta Goronyo ya gangaro Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya kuma rasu a cikinsa a 1837. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana gefen Gulbin Sakkwato. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ga kuma ta Lugu kusa da Wurno, noman rani ya ƙara ƙarfi a fadamun yankin: albasa, tafarnuwa, tumatir, tattasai da shinkafa. Ruwan kuma na ba da tarwaɗa da ƙarfasa. Idan aka hau tudu aka bar fadama, sai a tarar da itatuwan da ba wanda ke yi musu ban ruwa: tsamiya, kuka, aduwa, magarya, kanya. Kayan fadama da kayan tudu suna haɗuwa a kasuwa guda, kamar ta Achida ko ta Goronyo. Abin da ya rage shi ne su haɗu a tukunya guda.

Aikin ɗan itace a girki iri uku ne. Wani tsami yake kawowa, wani zaƙi da kauri, wani kuma laushin nama. Tsami ne mafi girma a cikinsu, don haka da shi za a fara.

2. Tsami da aikinsa

Larabawa na kiran tsamiya tamar hindi, wato dabinon Indiya, domin daga can suka riƙa sayo ta. Amma asalin bishiyar Afirka ce, irin wannan ƙasa tamu mai dogon rani. Tana nuna da hunturu zuwa bazara, a ɓare ta, a dunƙule ta curi-curi, ta shekara a ɗaki ba ta lalace ba. Kaɗan ne daga kayan miya ke da irin wannan haƙuri.

A gidaje da yawa an taƙaita ta ga kunun tsamiya. Wannan asara ce, domin mai girki na da abubuwa huɗu da take juya ɗanɗano da su: gishiri, yaji, maiƙo da tsami. Idan miya ta yi lami, hannu kan tafi ga gishiri ko magi. Sau da yawa kuwa ba su miyar ke nema ba. Cokali ɗaya na ruwan tsamiya zai tashe ta, a ji albasar daban, a ji naman daban.

Tsami na yin aiki uku da kowa zai iya gwadawa a gida.

Na farko, yana yanke maiƙo. Naman rago mai kitse ko miyar gyaɗa kan gundiri mutum tun bai ƙoshi ba. Ɗan tsami kan wanke harshe tsakanin loma da loma. Shi ya sa mai tsire ke yanka tumatir da albasa a gefe, shi ya sa kuma ake matsa lemo a kan soyayyen kifi.

Na biyu, yana kashe ƙarni. Abin da ke sa kifi ƙarni wasu sinadarai ne masu tashi a iska su shiga hanci. Idan tsami ya same su sai ya ɗaure su, su kasa tashi. Matan da ke wanke tarwaɗa da lemon tsami sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, kuma lemon na taimakawa wajen cire santsin jikinta.

Na uku, yana jinkirta lalacewar abinci, domin yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa jin daɗin wuri mai tsami. Wasu matan kan zuba ruwan tsamiya a ruɗen tuwon dawa ko na masara, tuwon ya yi haske, ya kuma kwana lafiya har ɗumame. Sai dai jinkiri ne kawai. Miyar da ta kwana a zafin bazara, ko da tsamiya a cikinta, sai an tafasa ta sosai kafin a ci.

Akwai wata riba da ta shafi lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Duk gidan da ke da mai hawan jini ya san rigimar rage gishiri: majinyaci ya ture kwano ya ce abinci ba daɗi. Tsami na rage wannan rigima, domin abinci mai ɗan tsami ba ya neman gishiri da yawa kafin ya yi armashi.

> Akwatin kalmomi
> Tsami: ɗanɗanon da ake ji a tsamiya, lemon tsami, sure da nono.
> Ƙarni: warin ɗanyen kifi, ƙwai ko jini.
> Lami: rashin ɗanɗano a abinci.

Misali na 1: Farfesun tarwaɗa da tsamiya

A ce wani magidanci a Goronyo ya shigo da tarwaɗa biyu manya da la'asar, gidan kuma mutum shida ne.

Uwargida za ta fara da ruwan tsamiya. Ta gutsuri tsamiya kamar girman ƙwan kaza, ta zuba mata ruwan ɗumi kofi ɗaya, ta bar ta minti 20. Sai ta murje ta da hannu har naman ya rabu da ƙwallo, ta tace da rariya. Abin da ya fito shi ne ruwan farko, mai kauri. Idan ta sake zuba ruwa a kan tukar, ta sami ruwa na biyu, tsararo, wanda ya dace da wanke kifin.

Ta yanka kifin ta wanke shi da ruwa na biyu, ta ɗauraye. A tukunya ta zuba albasa biyu, tafarnuwa, jajjagen attaruhu da tumatir uku, citta, masoro, daddawa da gishiri kaɗan, da ruwa kofi huɗu. Su tafasa minti 15 har ɗanyen ƙamshin tumatir ya tafi. Yanzu ne za ta zuba ruwan farko ludayin miya biyu, ta jera kifin, ta rage wuta. Ba a juya tarwaɗa da ludayi don kada ta farfashe, girgiza tukunyar ake yi. Bayan minti 12 zuwa 15 ta ɗanɗana. Romo mai kyau shi ne wanda za a fara jin kifi da yaji, tsamin ya biyo baya a ƙarshen harshe. Idan tsamin ne ya fara gaisawa, ya yi yawa.

Mutanen Senegal na cin shahararriyar dafa-dukarsu ta shinkafa da kifi tare da ɗan romon tsamiya a gefe. Girkin nan nasu ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2021. Kifi, shinkafa, albasa, tumatir, tsamiya: babu ɗaya da ba a samu tsakanin Goronyo da Wurno.

3. Lokacin zubawa

Nan ne gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo. Tsami iri ɗaya, a tukunya iri ɗaya, zai iya gyara girki ko ya ɓata shi, gwargwadon lokacin da ya shiga.

Tsamiya na jure wuta. Tafasa na rage mata kaifi, ta ratsa romo, don haka a tsakiyar dahuwa ake zuba ta. Lemon tsami kuwa ba ya son wuta. Ƙamshinsa na gudu da tururi, idan ya daɗe yana tafasa ya kan kawo ɗaci, bitamin C ɗin da ke cikinsa kuma zafi na rage shi. Saboda haka sai an sauke tukunya ake matsa shi, ko ma a kwanon ci.

Wannan bitamin na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wake, zogale, alayyahu da gero na ɗauke da sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jini da shi, amma hanji ba ya iya tsotsar na tsirrai da sauƙi. Idan aka ci su tare da bitamin C, abin da jiki ke samu na ƙaruwa. Ga mata masu ciki da masu shayarwa da yara, waɗanda ƙarancin jini ya fi addaba, rabin lemo a kan ɗatun zogale ko ɗanyen tumatir a kan shinkafa da wake ba ƙaramin taimako ba ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

> Akwatin kalmomi
> Bitamin C: sinadarin da ake samu a lemo, gwaiba, 'ya'yan kuka, tumatir da tattasai. Yana taimaka wa warkewar rauni da lafiyar dasashi. Doguwar dahuwa na rage shi.
> Ayon: sinadarin da jiki ke buƙata don gina jini.
> Kanwa: gishirin ƙasa da ke laushe abinci. Ita ce kishiyar tsami.

Kanwa da tsami ba sa ga maciji. Duk wanda ya ɗiga ruwan kanwa a ruwan tsamiya zai ga kumfa ta taso, wato kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Mai waina na amfani da wannan da saninta: idan ƙullu ya yi tsami fiye da kima, sai ta sa masa ruwan kanwa ya daidaita. Amma wadda ta zuba kanwa don wake ya yi laushi, ta kuma bi shi da tsamiya nan take, ta yi asarar duka biyun.

Wake ma da kansa ba ya shiri da tsami tun yana ɗanye. Tsami na ƙarfafa ɓawonsa, sai a yi ta tura itace yana nan tsaye. Ƙa'idar ita ce a bari ya yi laushi har a iya murje shi da yatsa, sannan tumatir ko tsamiya su shiga. A wurin da itacen girki ke da tsada, wannan ƙa'ida kuɗi ce.

Kuɓewa kuwa yauƙinta ake so, tsami kuma na tsinka yauƙi. Miyar kuɓewa, karkashi da lalo ba wurin tsamiya ba ne. Haka koren ganye: idan ya daɗe a tukunya mai tsami sai launinsa ya dushe.

Sai tukunya. Tsami na cin alminiyam a hankali, abinci ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Dafawa na ɗan lokaci ba matsala, amma kada miya mai tsami ta kwana a ciki. A juye ta a tukunyar ƙasa ko kwanon tangaran.

4. Zaƙi da kauri

Miyar taushe ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi cewa Bahaushe ya san wannan fanni tun fil azal. Kabewa ta kawo zaƙi da kauri, gyaɗa ta kawo maiƙo, attaruhu ya kawo yaji, sure kuma, wadda Kanawa ke kira yakuwa, ta kawo tsami. Idan aka cire sure, miyar ta yi zaƙi salaf. Idan aka cire kabewa, ta yi kaifi. Kowanne na riƙe da ɗan'uwansa.

Misali na 2: Taushe ba sure

A ce rani ya yi nisa a Wurno, ɗanyar sure ta yi wuya, ga baƙi za su ci tuwon shinkafa. Uwargida ta dafa kabewa da ƙashi da nama har ta narke, ta dame ta da muciya, ta zuba jajjage da daddawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwanin madara ɗaya. Ta ɗanɗana, ta ji zaƙi ya rinjaya. Maganin yana rataye a ɗaki: ruwan tsamiya ludayi ɗaya, kafin alayyahu ya shiga da minti biyar. Ɗanɗanon ba zai zama na sure sak ba, na tsamiya ya fi duhu da nauyi, amma aikin da ake nema ya biya. Launin ɗorawa na kabewa kuma alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare lafiyar ido, kuma man gyaɗar da ke miyar na taimaka wa jiki ya karɓe shi.

Dabino a cikin nama shi ne abin da zai fi zama baƙo ga masu karatu. Alhazai dai sun ci shinkafar Saudiyya da zabibi barbaɗe a kanta. A Maroko ana dafa naman rago da busassun 'ya'yan itace a tukunyar ƙasa mai dogon murfi da suke kira tajin, kuma suna da wani girki na bayan Babbar Salla da ake haɗa naman layya da zabibi da zuma. Dabinon Agadas na shigowa kasuwannin Sakkwato ta Illela, albasa kuwa ta gida ce.

Misali na 3: Naman layya da dabino

Nama kilo ɗaya, albasa huɗu manya, dabino takwas da aka cire wa ƙwallo. A soya albasar a wuta kaɗan har ta yi ja ta narke, a zuba nama da citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa da gishiri, a sa ruwa ya sha kansa. Sai nama ya yi laushi dabino zai shiga, minti 15 kafin saukewa, domin idan ya riga haka zai narke ya kama gindin tukunya. A ƙarshe a zuba cokali biyu na ruwan tsamiya. Ba a barin zaƙi shi kaɗai a abincin gishiri, dole a haɗa shi da yaji ko tsami. Mai ciwon sukari ya ci naman ya bar dabinon.

5. Ɗanyen mangwaro, gwanda da kuka

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu iska kan kakkaɓo ɗanyen mangwaro a lambunan bakin gulbi, ya yi ta ruɓewa a ƙasa. Yara sun riga manya gane darajarsa, su ne ke yanka shi su dangwala a yaji da gishiri. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ɗauko wannan dabara a shigo da ita madafi da tsafta.

A Rabah, a ce, uwargida za ta yi ɗatu, abin da wasu ke kira kwaɗo. Ta zaɓi mangwaro uku da suka ƙosa ba su nuna ba, ta wanke su sosai don fitar da ruwan da ke tsattsafowa daga hancinsu, wanda ke ƙona leɓe. Ta fere, ta yanka siri-siri, ta barbaɗa gishiri ta bar su minti 10, ta tsiyaye ruwan. Sai ta haɗa da dafaffen zogale, garin ƙuli-ƙuli, albasa, yaji da ɗan man gyaɗa. Mangwaron ya maye gurbin lemo da tumatir gaba ɗaya, a lokacin da zafi ya sa mutane ba sa marmarin tuwo. A Indiya, inda mangwaro ya samo asali, har shanya ɗanyensa ake yi a daka ya zama garin tsami na shekara. Wanda ya iya kauɗar tumatir ba zai kasa wannan ba.

Nunannen mangwaro na kasuwa kuwa sai da lura. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da 'ya'yan itace da kabayid, irin wanda masu walda ke aiki da shi, saboda illarsa ga lafiya. Wanda bayansa ya yi jawur amma cikinsa tauri da tsami, ba ƙamshi, abin tuhuma ne.

> Akwatin kalmomi
> Papayin: sinadarin da ke cikin farin ruwan ɗanyar gwanda da ganyenta, mai sassauta jijiyoyin nama.
> Tsuma nama: cuɗa ɗanyen nama da kayan ƙamshi ko tsami a ajiye shi na ɗan lokaci kafin a dafa.

Naman tsohuwar saniya ko na raƙumi na cin itace. Idan aka goga ɗanyar gwanda cokali biyu aka cuɗa da nama kilo ɗaya, aka rufe aka ajiye a inuwa minti 30 zuwa awa ɗaya, papayin zai yi rabin aikin wuta. Kada a wuce haka, domin naman zai dame, kuma zafin ƙasar nan ba ya barin ɗanyen nama ya daɗe a waje. Ana kuma iya fere ɗanyar gwandar a yanka ta a miya kamar kabewa. Ma'aikatan lafiya kan shawarci mata masu ciki su guji ɗanyarta, nunanna kuwa ba laifi.

Kowa ya san ganyen kuka a miya, amma farin garin da ke cikin ƙwaryar 'ya'yanta an bar wa masu fura da nono. Garin nan na da bitamin C mai yawa, har Tarayyar Turai ta amince a 2008 a riƙa sayar da shi a matsayin abinci a ƙasashenta. Idan aka dama cokali ɗaya da ruwan sanyi, ya zama ruwan tsami mai kauri da za a zuba a ɗatu, ko a romo bayan an sauke shi. Dokarsa irin ta lemo ce: ba ya shiga sai wuta ta mutu.

6. Ninka awo

Misali na 4: Girkin suna

Farfesun misali na 1 na mutum 6 ne, ya ci ruwan tsamiya ludayi 2. A ce za a yi na mutum 30.

Mataki na farko: 30 a raba da 6, ya ba da 5. Wato komai za a ninka sau 5.
Mataki na biyu: ludayi 2 sau 5, ya zama ludayi 10.
Mataki na uku: a haɗa ludayi 10 a ajiye, amma a fara zuba 7, a bari ya tafasa, a ɗanɗana, sannan a ƙara da ɗaya-ɗaya.

Dalilin mataki na uku shi ne tsamiya ba ta zama ɗaya. Ta wannan bishiya ta fi ta waccan kaifi, sabuwa daban, wadda ta shekara ta yi baƙi daban. Ƙara tsami abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki. Idan hannu ya riga ya zarce, a ƙara soyayyar albasa, dafaffiyar kabewa ko gyaɗa. Kanwa ita ce dabarar ƙarshe, ɗigo-ɗigo, domin ita ma idan ta yi yawa tana da nata ɗanɗanon da ba ya ɓuya.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya raba miyar gidansu kwano biyu. Ya ɗiga wa ɗaya rabin cokalin shayi na ruwan tsamiya ko lemo, ya bar ɗayan yadda yake. Mutum uku su ɗanɗana ba tare da an faɗa musu wanne ne wanne ba. Ya rubuta abin da kowannensu ya ce, ya kawo aji.

Tambayoyin bita

1. Mene ne ɗan itace? Kawo misali huɗu daga kayan miyar da ake nomawa a fadamar Rima.
2. Faɗi aiki uku da tsami ke yi a girki, tare da misali ɗaya ga kowanne.
3. Me ya sa ake zuba tsamiya a tsakiyar dahuwa, lemon tsami kuwa sai an sauke tukunya?
4. Wata mata ta zuba tumatir da tsamiya tare da ɗanyen wake, awa biyu bai yi laushi ba. Mene ne kuskurenta, kuma yaya za ta yi gobe?
5. Me ke faruwa idan ruwan kanwa ya haɗu da ruwan tsamiya? Wace mai sana'a ce ke amfani da wannan?
6. Waɗanne miya uku ne ba a sa musu tsami, kuma don me?
7. Girkin mutum 4 ya ci dabino 6 da ruwan tsamiya cokali 2. Nawa za a tanada na kowanne don mutum 20?
8. Ta yaya matsa lemo a kan ɗatun zogale ke taimaka wa mai ƙarancin jini?
9. Su wa aka shawarta su guji ɗanyar gwanda, kuma minti nawa ya dace nama ya tsumu a cikinta?
10. Ambaci wani ɗan itace na tudu da ke yankinku wanda darasin bai yi bayanin girkinsa ba. Tsami yake da shi ko zaƙi, kuma a wane abincin gishiri za a iya gwada shi?